Tsofaffin takardun kuɗin Sudan: waɗanne ne ke da daraja a wajen masu tarawa?

Sudan ta sha sauya kuɗinta. Fam ɗin Sudan ya maye gurbin na Masar a 1957, dinari ya karɓe shi a 1992, sabon fam ya dawo a 2007, aka kuma sake buga takardu a 2011 bayan ɓallewar Sudan ta Kudu. Kowane sauyi ya bar tsofaffin takardu a akwatunan mutane, har da Hausawan Khartoum da Omdurman. Ba a ciniki da su yanzu, amma masu tara kuɗin tarihi suna sayen wasu.

Mafi shahara su ne takardun da Janar Charles Gordon ya fitar a Khartoum a 1884, lokacin da dakarun Mahadi suka yi wa birnin ƙawanya, domin ya biya sojojinsa. Birnin ya faɗi ranar 26 ga Janairun 1885, aka ƙona da yawa daga cikinsu. Waɗanda Gordon ya sa wa hannu da kansa sun fi waɗanda aka buga sa hannunsa tsada. Ana kuma neman takardun farko na bayan samun 'yancin kai, da masu hoton Shugaba Ja'afar Numeiri, waɗanda aka daina bugawa bayan kifar da shi a 1985.

Tsufa kaɗai ba ya sa takarda tsada. Masu saye suna duba ƙarancinta, da lafiyarta, da tarihin da ke tattare da ita. Shi ya sa yawancin takardun dinari, da aka buga da yawa a zamanin hauhawar farashi, ba su da wata daraja sai in sababbi ne ƙal. Kamfanin PMG na Amurka yana auna lafiyar takarda daga maki 1 zuwa 70, kuma ninki ɗaya yana rage maki.

Saboda haka ake ba mai tsohuwar takarda shawara kada ya wanke ta, ko ya yi mata guga, ko ya liƙa mata salatif. Ya adana ta a shimfiɗe, nesa da laima da rana, ya kuma ji farashi daga mai saye fiye da ɗaya kafin ya sayar.