Hakiya: Yadda cututtukan tantanin gaban ido ke makantarwa da hanyoyin magance su

Tantanin gaban ido, wanda likitoci ke kira koniya, shi ne fatar nan mai garau kamar gilashi da ta lulluɓe baƙin ido. Kaurinsa kimanin rabin milimita ne, babu jijiyar jini a cikinsa, kuma shi ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske zuwa cikin ido. Idan ya samu rauni ko gyambo ya warke da tabo, sai farin ɗigo ya bayyana a kansa. Wannan shi ne hakiya. Ta bambanta da yanar ido, wadda ke tasowa daga can ciki, a bayan baƙin ido.

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa tabon wannan tantani ne sanadin kusan kashi 8 cikin 100 na makanta a tsakanin masu shekara 40 zuwa sama.

Abubuwan da ke haddasa ta

A gabashin Jihar Sakkwato, inda ƙauyuka irin su Boyekai da sauran garuruwan Wurno da Goronyo suka dogara da noman damina da na rani a fadamar kogin Rima, raunin gona na cikin manyan musabbabai. Kaifin ganyen gero, ƙaiƙayin shinkafa lokacin sussuka, ko ƙaya, kan karce tantanin, ƙwayoyin cuta su shiga. Raunin da tsiro ya jawo yakan zo da ƙwayar fangas, dangin funfuna, wadda ta fi wuyar magani.

Na biyu shi ne amodari. Ƙwayar Chlamydia trachomatis ce ke kawo shi, tana yaɗuwa ta hannu da tsumma da ƙudajen da ke sauka a fuskar yara. Yawan kamuwa tun ƙuruciya yana sa cikin fatar ido ya tattare, gashin ido ya juya ciki yana gogar tantanin a duk ƙiftawa. Mata sun fi fama da wannan mataki, saboda su ke tare da yara.

Na uku shi ne ƙyanda haɗe da ƙarancin sinadarin bitamin A. Alamar farko ita ce dundumi. Idan abin ya tsananta, tantanin yaro kan bushe, har ya narke cikin 'yan kwanaki.

Sai kuma abin da hannu ke ƙarawa. Ɗiga ruwan ganye, nono, fitsari ko toka a idon da ya yi rauni yana shigar da ƙwayoyin cuta ko ya ƙona tantanin. Haka maganin ɗigawa mai sinadarin sitiroyid da ake saye a kemis ba da umarnin likita ba: yana kwantar da ja, amma yana ba cutar damar cin ido.

Alamomin da ba a jira da su

Zafi mai tsanani, ja, yawan hawaye, kasa kallon haske, dusashewar gani, ko farin ɗigo a kan baƙin ido, musamman bayan rauni, duk suna buƙatar ganin ma'aikacin ido a ranar. Gyambo na iya huda tantanin cikin ƙanƙanin lokaci.

Magani

Likita kan ɗiga wani rini da ke fito da gyambon, wani lokaci ya kankaro kaɗan don gwaji. Cutar bakteriya ana yi mata maganin ɗigawa irin su ciprofloxacin, sau da yawa kowace awa a kwanakin farko. Ta fangas ana amfani da natamycin har makonni. Ta bairos ɗin herpes kuwa ana shafa aciclovir. Yaro mai ƙyanda ana ba shi bitamin A nan take.

Ga amodari, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakai huɗu: tiyatar fatar ido, maganin azithromycin ga al'umma baki ɗaya, wanke fuska, da tsaftar muhalli, wato samar da ruwa da masai. Ƙungiyar Sightsavers na cikin masu tallafa wa wannan aiki a Jihar Sakkwato. Da waɗannan matakai Ghana ta kawar da cutar a matsayin barazana ga lafiyar jama'a a 2018, Mali da Benin kuma a 2023.

Tiyata

Tiyatar mayar da gashin ido waje gajera ce, ana yin ta da allurar kashe zafi, majiyyaci ya koma gida a ranar. Tana tsayar da gogar, amma ba ta goge tabon da ya riga ya zauna.

Hakiyar da ta rufe tsakiyar ido sai dashe: a cire tantanin da ya lalace, a ɗinka na wanda ya rasu bayan ya ba da shi kyauta. Likita Eduard Zirm ne ya fara yin nasarar wannan aiki a 1905, a garin Olomouc da ke Jamhuriyar Cek ta yau. Dashen na buƙatar magani da bibiya na tsawon lokaci, domin jiki na iya ƙin sabon tantanin. A Najeriya babban cikas shi ne ƙarancin masu bayarwa da tsadar aikin. Masu matsala mai tsanani daga yankin kan nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ko Asibitin Ido na ECWA a Kano.

Rigakafi

Tunda dashe bai kai ga kowa ba, kariya ce ta fi araha: allurar ƙyanda a wata tara, ɗigon bitamin A duk wata shida ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, abinci mai zogale da manja da hanta da ƙwai, wanke fuskar yara kullum, da sanya tabarau lokacin girbi da sussuka. Wanda abu ya faɗa masa a ido ya wanke da ruwa mai tsabta, kada ya murza, ya nufi asibiti mafi kusa.