Darasin adalci a kan gadar Kennedy

An aza harsashin Jami'ar Yamai a shekarar 1971, a Harobanda, ƙetaren kogin Kwara. Ofisoshin mulki kuwa suna ɗaya gaɓar, a wancan lokacin gada guda ce ta haɗa su. A ɓangaren adabi da nazarin ɗan Adam, ɗaliban falsafa sun yi ta bitar Rousseau da Montesquieu da Marx, suna tambayar daga ina mai mulki ke samun halaccinsa, kuma me ya rage wa talaka in an tauye shi. Abin takaici, akasarin littattafan daga Faransa suke, alhali Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar nan a 1754, ya rubuta Kitabul Farƙ, inda ya zayyana zaluncin sarakunan zamaninsa, tun daga haraji marar ƙa'ida har cin hancin alƙalai.

A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, irin wannan tambaya ba ta cika fita daga aji ko ɗakin kwana ba, don bango ma kunne gare shi. Da Ali Saibou ya hau, igiya ta ɗan sassauta, sai dai aljihun gwamnati ya bushe, tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya kuma ya taɓa makarantu da kuɗin tallafin ɗalibai.

Ranar Juma'a 9 ga Fabrairu 1990, ɗalibai ƙarƙashin ƙungiyarsu ta USN suka nufi cikin gari a ƙafa. A kan gadar jami'an tsaro suka buɗe wuta, aka kashe uku, da dama suka jikkata. Kukan da ya fara a kan tallafi sai ya koma tambayar da aka daɗe ana yi a aji: wa ya ba gwamnati iko da ran ɗan ƙasa? Ƙungiyoyin ƙwadago suka kama, kuma kafin ƙarshen shekarar aka amince da jam'iyyu da yawa.

Babban taron ƙasa ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991. Malamin tarihi na jami'ar, André Salifou, shi ya shugabance shi, ɗalibai kuma suka zauna cikin wakilai, suka ji ana yi wa manyan hafsoshi tambayoyi a bainar jama'a kan abin da ya faru a gadar.