Daidaita kasafin kuɗin jaha ta hanyar rage kashe kuɗi: abin da ya kamata mu sani

Sau da yawa muna jin labari daga Nijeriya cewa gwamnan jaha kaza ya zabtare kasafin kuɗi. Tun da akwai ƴan uwanmu da yawa a Kano, Katsina, Kaduna da Sakkwato, kuma kasuwanninmu a haɗe suke, ga bayanin abin da maganar take nufi.

Kasafin kuɗi shi ne lissafin abin da gwamnati take sa ran samu a shekara, da abin da za ta kashe. In kashewa ta fi samu, an samu giɓi ke nan. Hanyar cike giɓi uku ce: a ƙara haraji, a ci bashi, ko a rage kashewa. Ta ukun ce zancenmu na yau.

Jahar Nijeriya ba kamar tamu ta nan Nijar ba ce, inda gwamnatin ƙasa ke naɗa gwamna. Can jahohi 36 ne, kowace da zaɓaɓɓen gwamna, da majalisar dokoki mai amincewa da kasafinta. Sai dai galibinsu sun dogara ga kason da ake rabawa wata-wata a Abuja, wanda kuɗin man fetur ke da babban rabo a ciki. Gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jahohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Shi ya sa in farashin mai ya faɗi, har albashin malamin makaranta na ƙauye sai ya ji a jikinsa.

To, ina wuƙar take sauka? Wuri uku ne. Na farko, ayyukan raya ƙasa: hanyoyi, rijiyoyi, ajujuwa, asibitoci. Nan aka fi saurin yankewa, don hanyar da ba a gina ba ba ta yajin aiki. Na biyu, kuɗin tafiyar da gwamnati: motoci, tafiye-tafiye, taruka, yawan ma'aikatu da masu ba da shawara. Nan ne talaka bai cika cutuwa ba, amma manya ba su son a taɓa. Na uku, albashi da fansho, wanda shi ne mai tada rigima.

A 2020, lokacin cutar korona, gwamnatin tarayya ta sauke farashin gangar mai da ta gina kasafinta a kai daga dala 57 zuwa 28. Jahohi duka suka sake lissafi. Kano, ƙarƙashin gwamna Abdullahi Ganduje, ta rage nata daga kimanin naira miliyar 206 zuwa miliyar 138, wato kusan kashi ɗaya cikin uku. Miliyar ita ce abin da suke ce ma biliyan a can.

Kaduna kuwa, tun 2015 gwamna Nasir El-Rufai ya rage ma'aikatu daga 19 zuwa 13. A 2021 gwamnatinsa ta ce a watan Maris ta samu naira miliyar 4 da miliyan 819 daga Abuja, ta biya miliyar 4 da miliyan 498 ga ma'aikata, kashi 93 cikin ɗari ke nan. Da wannan hujja aka sallami dubban ma'aikata a watan Afrilu. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta shiga yajin aiki ranar 17 ga Mayu, aka ɗauke wuta, jirgin ƙasa ya tsaya, sai a rana ta uku aka dakatar don a zauna tattaunawa. Gwamnati na cewa bai dace ƴan kaɗan su cinye kuɗin jama'a duka ba. Ƴan ƙwadago na cewa bayan kowane ma'aikaci akwai gida guda da yake ciyarwa.

Mu fa, ina ruwanmu? Ma'aikacin da aka sallama ba ya sayen rago da salla. Ɗan kwangilar da aka tsaida ma aiki ba ya ɗaukar lebura, kuma cikin leburorin akwai ƴan ci-ranin Maraɗi, Damagaram da Tawa. In ciniki ya ja baya a Jibiya ko Illela, mai wake da mai bisashe na Ɗan Isa da Ƙonni su ma za su gani, kuma aiken da ake yo ma gida ya ragu.

Saboda haka duk lokacin da kuka ji an ce an daidaita kasafi, ku yi tambaya uku: daga wane ɓangare aka yanke? Manya sun fara da kansu? Kuma an rage kashewar da gaske ne, ko dai an ƙi biyan albashi da fansho da ƴan kwangila ne kawai? In na ƙarshen ne, giɓin yana nan, bashi ne aka tura ma baɗi.