Daga Ƙofar Fada Zuwa Situdiyo: Yadda Kasuwa Ta Sauya Waƙar Hausa

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, babban makaɗi a ƙasar Hausa da ubangidansa ake saninsa. Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne, Salihu Jankiɗi na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, Sa'idu Faru kuma na Sarkin Kudu Macciɗo. Sarki ke ciyarwa, ya tufatar, ya ba da doki, makaɗi kuma ya riƙe asalin gidan da tarihin mazajensa a ka. Tun da abincinsa bai rataya a kan cinikin gobe ba, yana da sukunin zama da 'yan amshi su yi ta gyaran waƙa har ta nuna, sannan a fito da ita ranar Sallah.

Rediyo ne ya fara kwance wannan ɗauri. Bayan kafa gidan Rediyon Kaduna a 1962, murya ɗaya ta riƙa kaiwa Nijar da Gana da Kamaru a dare guda, sai faifan garmaho da kaset suka mai da waƙa hajar da ake saye. Mamman Shata ya wasa attajirai da direbobi da sojoji, Ɗan Maraya Jos ya ɗauki kuntigi ya yi wa karen mota waƙa. Babban juyi kuwa ya zo ne da finafinan bidiyo, waɗanda Turmin Danya ya buɗe wa ƙofa a Kano a 1990. Da waƙar fim ɗin Sangaya ta karɓu, dillalan kaset na Ƙofar Wambai suka gane cewa waƙa ce ke sayar da fim. Fiyano ɗaya a situdiyo ta maye gurbin kalangu da kotso da taushi, masu kaɗa su kuma suka fara rasa magada.

Wani zai ce ai roƙo da can ma neman abin duniya ne, kuma kasuwa ce ta ba wanda bai gaji kiɗa ba damar shiga, mata suka cika situdiyo, maza irin su Nura M. Inuwa da Hamisu Breaker suka yi suna ba tare da sun durƙusa a wata fada ba. Wannan gaskiya ne, ba kuma ƙaramar riba ba ce. Sai dai 'yancin da kasuwa ta yi alkawari bai cika ba. Masu satar fasaha sun cinye ribar kaset da faifan CD, masu tura waƙa a waya suka ƙarasa abin da ya rage, kuɗin YouTube kuwa kaɗan ne ke rayuwa da shi.

Sakamakon haka mawaƙi ya sake komawa neman ubangida, tun ba bayan dawowar mulkin farar hula a 1999 ba. Wannan karon ubangidan ɗan takara ne ko mai biki, wanda ke son waƙarsa kafin mako ya zagayo, kuma ba ruwansa da ita bayan zaɓe. Matsalar ke nan: an rasa natsuwar da fada ke bayarwa, ba a kuma samu kasuwar da ke biya ba. Muddin ba a tsare haƙƙin mallakar mawaƙi yadda zai ci guminsa daga masu sauraro ba, mai kuɗi ne zai ci gaba da zaɓa wa Hausawa abin da za su ji.