Littafin Haraji Da Sunan Da Ba A Goge Ba

Yalwan Damai, wadda a yau take cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Birnin Kudu, ta daɗe a cikin littafin hukuma tun kafin a ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, a zamanin Sarki Abbas aka fitar da hakimai daga birni aka zaunar da su a gundumominsu, aka kuma shimfiɗa tsarin haraji irin na tsani: magidanci a ƙarƙashin mai unguwa, mai unguwa a ƙarƙashin dagaci, dagaci a ƙarƙashin hakimi, kuɗi kuma su zarce baitulmali a Kano. Kowane suna a rataye yake da wani. Idan lokacin ƙidaya ya zo, malamin haraji kan zauna a kan tabarma a ƙofar gidan dagaci yana kiran sunaye, mai unguwa yana amsawa: wane yana nan, wane ya tafi ci-rani, wane Allah ya yi masa rasuwa. Wanda ya biya a yanka masa rasit, ya ninke shi ya adana kamar laya, don ana iya tare shi a hanyar kasuwa a ce ya nuna.

Littafin nan ana bincikarsa, amma daga sama. Abin da Di'o, jami'in gwamnati mai duba gundumomi, yake nema a rangadi shi ne jimilla: kuɗin da aka tara sun yi daidai da yawan mazajen da aka rubuta? To, jimilla tana iya cika cif alhali layukan da ke ƙarƙashinta cike suke da kuskure. Mamacin da ba a goge sunansa ba yana nan ana binsa, kuma da yake giɓi a wuyan dagaci yake, sai a kasa kuɗin a kan rayayyu. Yaron da bai tasa ba a sa shi cikin baligai. Wanda ya yi ƙaura daga ƙasar Gwaram zuwa ta Birnin Kudu sunansa ya fito a littafi biyu. A ganina, wani kaso mai yawa na ɗacin da talaka ya sha daga nan ya fito, domin babu wanda aka ɗora wa alhakin tantance layi ɗaya ɗaya saboda mai sunan. Shi ya sa murna ta game ƙauyuka da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979.

Haraji ya tafi, jerin sunaye bai tafi ba. Ya koma rajistar zaɓe, lambar ɗan ƙasa, jerin masu karɓar taki da tallafi, duk a cikin manhaja, kuma da tsanin nan nasa: mutum, unguwa, mazaɓa, ƙaramar hukuma. Masu rubuta manhaja suna da wata al'ada da ta bazu bayan Kent Beck da Erich Gamma sun samar da JUnit a 1997, wato gwada kowane ɗan yanki shi kaɗai kafin a saki aiki. Da gangan ake miƙa wa manhajar bayanan banza: suna ba unguwa, lamba ɗaya ga mutum biyu, ranar haihuwar da ba ta zo ba tukuna. Idan ta karɓa, ta faɗi jarrabawa. A kuma gwada alaƙa: in an cire wata unguwa daga wannan mazaɓa an kai waccan, mutanenta sun bi ta ko sun rage a rataye? Wannan shi ne binciken da littafin haraji bai samu ba.

Wani zai ce harajin kansa ne zalunci, gyaran littafi ba zai wanke shi ba. Gaskiya ne. Sai dai jerin yau galibi na rabo ne, kuma wanda kuskure ya jefar da sunansa ya rasa buhun takin da damina ba za ta jira ba. Wani kuma zai ce kwamfuta ba ta san wanda ya rasu ba. Wannan ma haka ne, har gobe mai unguwa ne ya san gidan da aka yi zaman makoki. Abin da gwaji yake tabbatarwa shi ne idan ya kawo labarin akwai gurbin shigar da shi, kuma gyaran zai bi duk inda sunan yake. Hukumomin da ke ba da kwangilar irin waɗannan manhajoji su riƙa cewa a nuna musu gwaje-gwajen kafin su biya kuɗin aiki.