Bututun Man Nijar zuwa Benin

Bututun man Nijar zuwa Benin bututu ne da ke ɗaukar ɗanyen mai daga rijiyoyin Agadem a jihar Diffa zuwa tashar jiragen ruwa ta Seme, kusa da Kwatano. Tsawonsa ya kai kusan kilomita 2,000, yana kuma iya tura ganga 90,000 a rana. Ya ratsa jihohin Damagaram, Maraɗi, Tawa da Doso, wato ya bi ta arewacin iyakar Katsina, Sakkwato da Kebbi kafin ya tsallaka kogin Kwara ta wajen Gaya. An gina shi ne domin ciniki, amma tun kafin jirgin farko ya yi lodi ya zama abin jayayya tsakanin Nijar da Benin.

Asali

Nijar ta fara haƙo mai a 2011, bayan kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya karɓi filin Agadem a 2008. Man farko ya riƙa zuwa matatar SORAZ ta Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana. Da aka so fitar da ɗanyen mai kasuwar duniya, sai matsalar da Nijar ta daɗe da ita ta taso: ƙasar ba ta da teku, dole man ya ratsa ƙasar wani. An fara duba hanyar Chadi, inda za a haɗa da bututun Doba zuwa Kribi a Kamaru, wanda ke aiki tun 2003. Hanyar ta fi kusa, amma yankin tafkin Chadi na fama da Boko Haram, sai aka zaɓi Benin. Shugaba Mahamadou Issoufou ya aza harsashin aikin a Satumban 2019.

Juyin mulki da rikicin Benin

Aikin na dab da kammaluwa sojoji suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum a ranar 26 ga Yulin 2023, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi mulki. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take bai wa Nijar, aka rufe iyakoki. Kasuwar Illela da Birnin Ƙonni ta tsaya cik, manoma da 'yan kasuwar gabashin Sakkwato, daga Wurno da Marnona zuwa Goronyo da Sabon Birni, suka ji a jikinsu, domin cinikin hatsi, albasa da dabbobi da mutanen tsallaken iyaka tsohon abu ne a wurinsu.

An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta ƙi buɗe gadar Gaya zuwa Malanville, tana zargin Benin da ba sojojin Faransa masauki. Benin ta musanta. A Mayun 2024 Shugaba Patrice Talon na Benin ya hana jiragen ruwa lodin man Nijar a Seme, yana mai cewa ba zai yiwu man ya wuce ba alhali iyaka na rufe. Wannan ya zo wa Yamai a mummunan lokaci, domin a Afrilu ta karɓi dala miliyan 400 daga CNPC a kan za ta biya da mai. Sai da Sin ta shiga tsakani jirgin farko ya yi lodi a cikin watan Mayu. A watan Yuni Benin ta kama 'yan Nijar biyar a tashar, Nijar kuma ta rufe famfon daga nata ɓangaren. Tsofaffin shugabannin Benin, Nicéphore Soglo da Boni Yayi, suka je Yamai sulhu, man ya koma gudana a Agusta.

Hare-hare da zargin Najeriya

Bututu mai irin wannan tsawo ba ya tsaruwa taku-taku, masu ɗauke da makamai kuma sun gane haka. A Yunin 2024 aka kashe sojojin Nijar shida masu gadinsa a jihar Doso. Cikin watan ne ƙungiyar 'yan tawaye ta FPL, ƙarƙashin Mahamoud Sallah, ta fasa wani sashe nasa, tana neman a saki Bazoum.

A Disambar 2024 aka sake kai masa hari a yankin Gaya. Hukumomin Yamai suka ɗora laifin a kan Lakurawa, waɗanda suka kafu a dazukan Tangaza da Gudu a jihar Sakkwato, suka ce daga Najeriya maharan suka fito. A ranar 25 ga Disamba Janar Tiani ya yi hira da Hausa a gidan talabijin na ƙasarsa, ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, har ya ambaci dajin Gaba a Sakkwato a matsayin sansanin horo. Mai bai wa shugaban Najeriya shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, ya ƙaryata zargin. A Janairun 2025 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana Lakurawa ƙungiyar ta'addanci.

Matsayinsa a siyasar makamashi

Abin da ya sami wannan bututu ya sami wasu kafinsa. Bututun Kirkuk zuwa Haifa ya daina aiki a yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1948, bai sake tashi ba, sannan an fasa bututun Nord Stream a ƙarƙashin tekun Baltik a Satumban 2022, ana tsakiyar yaƙin Rasha da Yukren. Darasin ɗaya ne: mai rijiya da mai tashar ruwa kowa na riƙe da wuyan ɗan'uwansa, wanda ke zaune a kan hanya kuma yana iya cutar da su duka.

Darasin ya shafi Arewacin Najeriya kai tsaye. Bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai kilomita 614, da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, shi ake sa ran zai zama somin bututun da zai ratsa Sahara ta Nijar zuwa Hassi R'Mel a Aljeriya, wanda ƙasashen uku suka rattaba wa hannu a Abuja a 2009. Wannan buri ba zai cika ba sai Abuja da Yamai sun yarda da juna, an kuma tsare rayukan mutanen ƙauyukan da ke kan iyakarsu.