Tarihin Gano Fatar Tumbi a Cikin Maƙoshi

Ita wannan mas'ala ta samun fatar tumbi a cikin maƙoshi, watau hanyar da abinci ke bi daga baki zuwa ciki, ta daɗe tana haddasa saɓani tsakanin malaman ɗibbu na Turai, domin kuwa abubuwa biyu ne masu asali dabam da suka yi kama a ido.

Na farko shi ne ɗan jan tabon da akan tarar can sama dab da maƙogwaro, wanda likita Schmidt ya fara siffantawa a Jamus cikin 1805. Mafi rinjayen zance shi ne halitta ce tun daga mahaifa, saboda maƙoshin ɗan tayi yakan soma da wata irin fata, daga bisani ta sauya tun daga tsakiya zuwa ɓangarorin biyu, sai wani lokaci wani ɗan gurbi a sama ya tsira bai sauya ba. Galibin masu shi ba su san da shi ba, ko da yake yakan fitar da ruwan tsami irin na tumbi, har mutum ya riƙa jin kamar wani abu ya tokare masa wuya.

Na biyu, wanda ya fi hatsari, yana ƙasa ne kusa da bakin tumbi, kuma a kansa aka fi tafka muhawara. Norman Barrett, haifaffen Ostareliya mai aikin fiɗa a asibitin St Thomas da ke Landan, ya rubuta a 1950 cewa wannan wuri tumbi ne da gajeren maƙoshi ya jawo cikin ƙirji. Amma Allison da Johnstone na birnin Leeds suka kawo hujja a 1953 cewa maƙoshin ne da kansa ya sake fata, Barrett kuwa ya sallama musu a 1957. Abin mamaki, sunan wanda ya yi kuskuren ne ya bi cutar har yau, alhali su ne suka fi cancanta. Sai a 1970 Bremner da abokan aikinsa suka nuna, ta gwaji a kan karnuka, cewa yawan komowar ruwan tsami sama, wanda mai shi ke ji a matsayin ƙwannafi, yana iya haifar da ita.

Saboda wannan cuta ta biyu tana iya rikiɗewa ta zama sankara, likitoci kan riƙa leƙa maƙoshin mai ita da na'urar hange lokaci-lokaci; tabon sama kuwa ba a cika taɓa shi ba sai in ya dami mai shi.